Tabar wiwi a jihohin Amurka: tambayoyi da amsoshi kan dokar riƙewa da sayarwa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗalibai, direbobin haya, masu shaguna da iyayen matasa da ke zaune a Amurka ko suke shirin zuwa. Duk inda aka ce "halatta" a nan, dokar gwamnati ake nufi, ba hukuncin addini ba. Majalisun jihohi na taɓa waɗannan dokoki kusan kowace shekara, don haka wanda ke da shari'a a gabansa ya nemi lauyan jihar da abin ya faru.

1. Shin wiwi ta halatta a Amurka ko ba ta halatta ba?

Doka biyu ce ke aiki a kan mutum ɗaya a lokaci ɗaya: ta gwamnatin tarayya da ta jihar da yake tsaye. A dokar tarayya ta 1970 an sanya wiwi a rukuni na farko na miyagun ƙwayoyi, rukuni ɗaya da hiroyin. A watan Mayun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta gabatar da shawarar a saukar da ita zuwa rukuni na uku, amma saukarwar ba ta nufin kowa ya saya ya sha, domin abin da ke rukuni na uku ma sai da takardar likita.

Jihohi kuwa kowace da tata. Idan jiha ta halatta, ma'anarsa ita ce 'yan sandanta da kotunanta sun daina hukunta abin. Ba ta da ikon soke dokar tarayya. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2005, a shari'ar Gonzales da Raich, inda ta ce tarayya na iya hukunta ko da mai noman wiwi don magani bisa amincewar jiharsa. A aikace jami'an tarayya ba su cika bin masu ƙunshi ɗaya ko biyu ba, amma wannan zaɓi ne, ba haƙƙi ba. Takardar umarnin 2013 da ta ce a ƙyale jihohin da suka tsara kasuwarsu, ministan shari'a Jeff Sessions ya janye ta a Janairun 2018.

2. Jihohin sun kasu kashi nawa?

Kusan kashi huɗu. Na farko, waɗanda suka halatta wa duk wanda ya kai shekara 21. Kolorado da jihar Washinton ne suka fara a 2012, kuma da Ohio ta shiga a Nuwamban 2023 adadin ya kai 24, ban da birnin tarayya. Na biyu, masu yarda da ita don magani kaɗai, tafarkin da Kalifoniya ta buɗe a 1996. Idan aka haɗa da na kashin farko, jihohin da ke da tsarin magani sun kusa 40. Na uku, waɗanda ba su halatta ba amma suka mayar da riƙe ɗan kaɗan laifin tara, kamar Louisiana, inda giram 14 ko ƙasa da haka tarar dala 100 ce, da Nebraska, inda oza ɗaya a karon farko tarar dala 300 ce. Na huɗu, masu ɗauri tun daga ƙunshin farko.

Jiha ɗaya kan faɗa kashi biyu. Fulorida tana da babbar kasuwar magani, amma wanda ba shi da katin magani, wato izinin jiha ga majinyaci, ɗauri ke jiransa (duba tambaya ta 6). A 2024 kusan kashi 56 cikin ɗari na masu zaɓenta sun goyi bayan halattawa, sai dai kundin jihar na buƙatar kashi 60, don haka ƙudurin ya faɗi.

3. Wane ma'auni dokokin ke amfani da shi?

Oza da laba. Oza ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗori, laba ɗaya oza 16 ce, wato kusan giram 454. Laifuffuka kuma hawa uku ne: saɓa ƙa'ida, wanda tara ce kawai kamar ta hanya, ƙaramin laifi, wanda ɗaurinsa yawanci ba ya wuce shekara ɗaya, sai babban laifi, mai ɗaurin sama da shekara, wanda ke bin mutum wajen neman aiki, haya da mallakar bindiga. Giram ɗaya tak kan iya ɗaga shari'a daga wannan hawa zuwa na gaba.

4. A jihar da ta halatta, nawa aka yarda mutum ya riƙe?

Babu adadi ɗaya. Kalifoniya giram 28.5 na ganye da giram 8 na tataccen mai. Jihar Washinton oza 1, Maryland oza 1.5, Kolorado oza 2, Michigan oza 2.5, Niyok (New York) oza 3 da giram 24 na mai, New Jersey oza 6. Illinois ta bambanta ɗan gida da baƙo: mazaunin jihar giram 30, wanda ya zo daga waje giram 15. Wasu sun ƙara adadin da ake ajiyewa a cikin gida: oza 10 a Michigan, laba 2 a Minnesota, laba 5 a Niyok.

Shuka a gida ma haka. Kalifoniya tushe 6 ga gida guda; Niyok tushe 6 ga mutum ɗaya, uku manya uku ƙanana, amma kada gida ya wuce 12; Michigan 12; Maryland 2. A New Jersey kuwa, duk da yalwar oza 6, shuka tushe ɗaya laifi ne. Jihar Washinton ma ba ta yarda wanda ba majinyaci ba ya shuka.

Sharuɗɗa uku ba sa canzawa: shekara 21, ba a bai wa wanda bai kai ba, ba a tuƙi a buge. Sha a bainar jama'a haramun ne a mafi yawansu. Niyok ce ta fita daban, ta yarda a sha a yawancin wuraren da ake shan taba.

5. Me zai faru idan aka wuce iyakar a jihar da ta halatta?

Hukunci na hawa da nauyi. A Niyok, a wajen gida, sama da oza 3 saɓa ƙa'ida ne mai tarar da ba ta wuce dala 125 ba. Sama da oza 16 ƙaramin laifi. Sama da laba 5 babban laifi. A Kalifoniya, wuce giram 28.5 ƙaramin laifi ne da ke iya kai wa wata 6 a tsare da tarar dala 500. Yawa kuma na jawo zargin niyyar sayarwa, wanda shi ne ainihin haɗarin (duba tambaya ta 8).

6. Waɗanne jihohi ne suka fi tsanani, kuma mene ne hukuncinsu?

Teksas ce misalin da ya fi shafar 'yan Afirka ta Yamma, saboda yawansu a Houston da Dallas. Oza 2 ko ƙasa: ɗaurin da zai iya kai kwana 180 da tarar dala 2,000. Daga oza 2 zuwa 4: shekara 1 da dala 4,000. Daga oza 4 zuwa laba 5 an shiga babban laifi, kwana 180 zuwa shekara 2 da tarar dala 10,000. Laba 5 zuwa 50: shekara 2 zuwa 10. Laba 50 zuwa 2,000: shekara 2 zuwa 20.

A Fulorida layin giram 20 ne. Ƙasa da shi shekara 1 da dala 1,000. Sama da shi babban laifi mai shekara 5 da dala 5,000. A lura, oza ɗaya da mutum ke yawo da ita hankali kwance a Niyok ta riga ta wuce wannan layi. Kotu kuma na sa a dakatar da lasisin tuƙi na wata 6, ko da ba a mota aka kama mutum ba. A Jojiya oza 1 ko ƙasa shekara 1 ce da dala 1,000, sama da oza ɗaya kuma shekara 1 zuwa 10.

Idaho, wadda jihohin da suka halatta suka kusa kewaye ta, ba ta da tsarin magani ma. Oza 3 ko ƙasa shekara 1 ce, sama da haka shekara 5. A Wisconsin da Alabama, kamun farko ƙaramin laifi ne, amma na biyu na iya zama babba komai ƙanƙantar abin. Waɗannan adadi su ne ƙololuwar abin da alƙali zai iya yankewa. Mai laifin farko sau da yawa kan tsira da tara ko zaman sa ido, amma sunansa ya shiga kundin masu laifi, kuma ga baƙo wannan ya fi ɗaurin illa (duba tambaya ta 15).

7. Me ya sa alewa da man wiwi suka fi ganye jawo hukunci?

Domin jihohi da yawa ba su ɗauke su a matsayin wiwi ba, sun sa su a jerin tatattun ƙwayoyi. A Teksas, ƙasa da giram 1 na mai babban laifi ne kai tsaye, wato ƙaramar kwalbar sigarin lantarki guda ta isa. Giram 1 zuwa 4 shekara 2 zuwa 10. Giram 4 zuwa 400 shekara 2 zuwa 20. Fulorida ma babban laifi take ɗaukar tataccen mai.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne yadda ake awo. Ba sinadarin THC, wato mai bugarwa a cikin wiwi, kaɗai ake aunawa ba, ana ɗora duk abin da aka cakuɗa shi da shi a kan sikeli: sukari, fulawa, cakulan. Fakitin alewa mai nauyin giram 100 da aka saya da rasit a Kolorado, idan aka kama shi a Teksas, ya faɗa sahun shekara 2 zuwa 20, alhali ganye mai nauyin oza 2 ƙaramin laifi ne. Iyaye su san wannan, domin matasa sun fi ɗaukar alewa da sigarin lantarki abin wasa, ba su da wari kuma suna shiga aljihu.

8. Ta yaya ake bambanta mai riƙewa don kansa da mai niyyar sayarwa?

Ba sai an ga kuɗi ya sauya hannu ba. Mai gabatar da ƙara na gina tuhumar niyyar sayarwa ne daga abin da aka samu tare da kayan: an rarraba shi a ƙananan leda daidai wa daida, akwai ƙaramin sikeli, akwai tarin kuɗi ƙananan takardu, akwai saƙonnin waya masu tambayar farashi, akwai waya biyu ko littafin bashi. Bindiga a kusa na ƙara wa shari'ar nauyi sosai. Oza ɗaya a leda ɗaya da oza ɗaya a leda ashirin nauyinsu ɗaya, amma tuhumarsu daban.

Wasu jihohin kuma sun sa layin da idan an kai shi ba a tambayar niyya, safara ce kawai. A Fulorida sama da laba 25 ko tushe 300 ɗaurin dole ne na shekara 3 da tarar dala 25,000. A Jojiya sama da laba 10 shekara 5 ce ta dole da dala 100,000. A Idaho laba 1 ko tushe 25 sun isa. "Dole" a nan na nufin alƙali ba shi da ikon ragewa don tausayi.

9. Mene ne hukuncin sayarwa?

A jihar da ta halatta, mai lasisi ne kaɗai ke sayarwa. Mai kantin unguwa da ke ajiye ta a ƙarƙashin kanta ba shi da kariya; a birnin Niyok hukuma ta garƙame ɗaruruwan irin waɗannan shaguna tun 2024. A dokar jihar, sayar da sama da oza 3 ƙaramin laifi ne, sama da oza 16 babban laifi. A Teksas sayar da rubu'in oza ko ƙasa shekara 1 ce, abin da ya wuce rubu'in oza kuma babban laifi.

Idan shari'a ta koma kotun tarayya, ga matakan: ƙasa da kilo 50, har shekara 5 da tarar dala 250,000, kilo 50 zuwa 99, har shekara 20, kilo 100 ko tushe 100, shekara 5 ta dole zuwa 40, kilo 1,000 ko tushe 1,000, shekara 10 ta dole zuwa rai da rai. Sayar wa wanda bai kai 21 ba, ko sayarwa a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, kusan mita 300, na ninka ƙololuwar hukuncin. A cikin birni mai cunkoso da wuya a sami lungun da ba ya cikin wannan tazara. Ana kuma iya ƙwace mota da kuɗin da aka danganta da cinikin, wani lokaci tun kafin a yanke hukunci.

10. Idan kyauta na bai wa aboki fa?

A mafi yawan jihohin da suka halatta, babba ya bai wa babba kyauta cikin iyakar da aka yarda ba laifi ba ne, muddin babu musaya. Dabarar "sayi riga a ba ka kyautar wiwi" jihohi da yawa sun rufe ta, suna ɗaukar ta ciniki. A jihohin da ta haramta, miƙa wa wani rarrabawa ce ko ba a karɓi sisi ba.

11. Birnin da nake ya sassauta, amma jihar ba ta sassauta ba. Wanne zan bi?

Na jihar ne ke sama. Philadelphia ta mayar da riƙe giram 30 tarar dala 25 a 2014, Atlanta ta mayar da oza ɗaya tarar dala 75 a 2017. Amma dokar Pennsylvania har yanzu tana da kwana 30 da dala 500, ta Jojiya kuma shekara 1. Ɗan sandan jiha da ya tsayar da kai a babbar hanyar da ta ratsa birnin ba ya ƙarƙashin dokar birni, kuma da zarar ka fita iyakar gari sassaucin ya ƙare.

12. Zan iya tafiya da ita daga wata jiha zuwa wata, ko a jirgi?

A'a. Tsallaka iyakar jiha da wiwi laifin tarayya ne, ko da jihohin biyu duk sun halatta. Aika ta ta gidan waya ko kamfanin kai saƙo ma haka, kuma mai karɓa na shiga ciki. Masu binciken kaya a filin jirgi ba wiwi suke nema ba, amma idan suka gani suna kiran 'yan sanda. Iyakar Kanada ba a tsallaka ta da wiwi ta kowane ɓangare, duk da Kanada ta halatta a 2018.

Akwai kuma filayen tarayya a cikin jihohin da suka halatta: gandun daji na ƙasa, barikin soja, kotunan tarayya, da sassa masu yawa na birnin Washinton. A can, riƙewa karon farko shekara 1 ce da tarar da ba ta gaza dala 1,000 ba. Karo na biyu kwana 15 na dole zuwa shekara 2. Na uku kwana 90 zuwa shekara 3.

13. An samu wiwi a motata ko ɗakinmu, amma ba tawa ba ce. Za a tuhume ni?

Ana iya tuhumarka. Doka ba ta tsaya ga abin da ke aljihu ba. Idan aka nuna ka san da abin kuma kana da iko da wurin da yake, an ɗauka ka riƙe shi. Shi ya sa akan kama duk mutanen da ke cikin mota idan aka samu leda a tsakanin kujeru kuma kowa ya yi shiru. Tabbatarwa a kotu aikin mai gabatar da ƙara ne, amma kafin nan an kwana a tsare.

Direban haya ya riƙa duba kujerar baya da aljihun ƙofa bayan sauke fasinja, kada kuma ya karɓi saƙon da aka naɗe ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Game da wari: Niyok, Virginia da Maryland sun hana ɗan sanda bincike a mota saboda wari kaɗai, amma a jihohin da ta haramta kotuna da yawa na karɓar wari a matsayin dalili.

14. Yaya dokar tuƙi take?

Tuƙi a buge laifi ne a duk jihohi 50, ko da katin magani. A jihar Washinton, nanogiram 5 na THC a kowace mililita ta jini laifi ne kai tsaye. A Kolorado wannan adadi hujja ce da kotu za ta iya dogara da ita, amma direba na da damar kare kansa. Wasu jihohin ko ɗigo aka gani ya wadatar. Matsalar ita ce THC na maƙalewa a kitsen jiki. A fitsarin mai sha kullum ana iya ganin alamarta har wata guda bayan ya daina. Ƙin yarda da gwaji ma da nasa hukuncin: a Niyok ana soke lasisi na aƙalla shekara 1.

Direbobin manyan motoci dokar tarayya ce ke kansu a ko'ina. Ma'aikatar Sufuri ba ta karɓar katin magani, kuma tun Janairun 2020 sakamakon gwaji na shiga rumbun bayanai na ƙasa da duk kamfanin da zai ɗauki direba ke dubawa.

15. Ba ni da takardar zama ɗan ƙasa. Halattawar jiha ta shafe ni?

Ba ta kare ka. Shige da fice aikin tarayya ne kacokan, kuma dokar tarayya kaɗai ake dubawa. Wannan ya haɗa da mai katin zaman dindindin, ɗalibi, mai bizar ziyara da mai neman mafaka. Duk wanda kotu ta samu da laifin ƙwaya ana iya tasa ƙeyarsa, sai dai laifi guda na riƙe giram 30 ko ƙasa don amfanin kai. Sayarwa kuwa, komai ƙanƙanta, yawanci tana faɗawa sahun laifuffuka masu tsanani da ke rufe kusan duk ƙofar roƙo. A 2013, a shari'ar Moncrieffe, ɗan Jamaika da aka kama da giram 1.3 a Jojiya, Kotun Ƙoli ta ce raba ɗan kaɗan ba don kuɗi ba bai kai wannan sahu ba, amma sai da ya je har can kafin ya sami wannan hukunci.

Rangwamen giram 30 na hana kora ne kawai, ba ya buɗe ƙofar shiga. Mai neman biza ko katin dindindin ana iya hana shi saboda laifin wiwi kowane iri, kuma ba sai an taɓa kama shi ba: amsa wa jami'i cewa ya taɓa riƙewa ko sha na iya wadatarwa. Mai katin dindindin da ke da irin wannan laifi, idan ya je gida hutu ko aikin Hajji, ana iya tsayar da shi a filin jirgi a dawowa kamar sabon mai neman shiga. Likitan da ke gwajin masu neman biza ma yana tambaya.

Aiki a shagon wiwi mai lasisi, ko gadi ne ko kai kaya, tarko ne. Tun Afrilun 2019 hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta bayyana cewa irin wannan aiki na iya hana a shaidi mutum da kyakkyawan hali, sharaɗin da ake dubawa na shekara 5 kafin nema, ko 3 ga mai auren ɗan ƙasa. Shawararmu ga duk wanda bai karɓi takardar ɗan ƙasa ba ita ce: kada ya riƙe, kada ya yi aiki ko zuba jari a harkar, kada ya ajiye hotonta a waya ko a Facebook. Idan jami'i ya tambaya, kada ya yi ƙarya, domin ƙarya ga jami'in shige da fice na jawo hani na dindindin. Ya ce yana son ganin lauya kafin ya amsa.

16. An ce in amsa laifi a sallame ni, daga baya a goge. In yarda?

Kada ka amsa kafin lauyan shige da fice ya ga takardar. Jihohi da yawa na da tsarin da mai laifin farko zai amsa, ya yi darasi ko zaman sa ido, sannan a kori ƙarar. A idon jiha ya fita fes. A idon hukumar shige da fice, amsa laifi haɗe da kowane irin horo hukunci ne cikakke, kuma gogewar da jiha ta yi daga baya yawanci ba ta share shi. Abin da ake nema shi ne tsarin da ba a amsa laifi a cikinsa, ko a sauya tuhumar zuwa wadda ba ta ƙwaya ba. Tun shari'ar Padilla da Kentucky a 2010, wajibi ne lauyan da ke kare ka ya faɗa maka ko amsawar za ta jawo kora, don haka ka gaya masa matsayin takardunka tun zaman farko.

Afuwar da Shugaba Joe Biden ya yi a Oktoban 2022 ta shafi laifin riƙewa na tarayya da na birnin Washinton ne kaɗai, ba na jihohi ba, inda mafi yawan shari'o'in suke. Wasu gwamnoni sun yi tasu. Na Maryland, Wes Moore, ya yafe hukunci kusan 175,000 a Yunin 2024. Niyok, Illinois da Kalifoniya na goge wasu tsofaffin laifuffuka da kansu ba sai an nema ba.

17. Katin magani na aiki a kowace jiha?

A'a. Jihar da ta bayar da shi yake aiki, sai 'yan jihohin da suka zaɓi karɓar na wasu, kamar Nevada. Bai halatta tsallaka iyaka ba (tambaya ta 12), bai kare direba ba (tambaya ta 14), kuma ga baƙo shi kansa katin shaida ce a rubuce cewa yana amfani da ita (tambaya ta 15).

18. Aiki, gidan haya da bindiga fa?

A yawancin jihohi kamfani na da ikon korar wanda gwaji ya nuna, ko a gida ya sha. Niyok da Kalifoniya sun ba da kariya ga abin da ma'aikaci ya yi bayan tashi daga aiki, amma ba ta shafi ma'aikatan tarayya da direbobin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri ba. Mai gida na iya hana sha a yarjejeniyar haya. Gidajen da gwamnatin tarayya ke tallafa wa haya sun haramta ta gaba ɗaya, kuma laifin yaro ɗaya na iya sa a tashi iyali duka. Takardar da ake cikewa wajen sayen bindiga na tambaya ƙarara ko mutum na amfani da wiwi, tare da gargaɗin cewa halattawar jiha ba ta canza komai; ƙarya a kanta babban laifi ne.

19. Kayan CBD, wato sinadarin tsiron wiwi da ba ya bugarwa, da ake sayarwa a gidajen mai fa?

Dokar noma ta 2018 ta cire nau'in tsiron da sinadarinsa mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba daga jerin ƙwayoyi. Daga nan kasuwa ta cika da mai, alewa da lemo, wasunsu masu bugarwa, har jihohi da dama suka hana su, kuma a Nuwamban 2025 Majalisar Tarayya ta tsaurara ma'anar. Abin da aka rubuta a jikin kwalba ba koyaushe yake daidai da abin da ke ciki ba, kuma gwajin fitsari na iya nunawa. Ɗan sanda a gefen hanya ba ya iya bambanta ganyen biyu da ido.

20. Idan ɗan sanda ya tsayar da ni, me zan yi?

Tsaya, sa hannu inda zai gani, miƙa lasisi da takardun mota. Idan ya nemi bincike, ka ce cikin ladabi ba ka amince ba. Idan ya ci gaba kada ka hana shi da hannu, lauya zai ƙalubalanci binciken a kotu. Ka furta da baki cewa za ka yi shiru kuma kana son lauya, sannan ka yi shirun. Kada ka gudu, kada ka jefar ko ka haɗiye komai, domin ɓata shaida tuhuma ce ta daban da kan fi ta asali nauyi. Kada ka buɗe masa wayarka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, ka nemi tafinta. Kiran da ake yi daga wurin tsaro ana naɗar sa.

Wannan ya fi zama dole ga baƙar fata. Rahoton ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU na 2020 ya nuna ana kama baƙaƙe kan riƙe wiwi ninki 3.6 fiye da farare, alhali yawan masu sha a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne.

21. Idan aka saya bisa doka a Amurka, ana iya aika ta ko kai ta Najeriya?

Ba a iyawa, kuma laifi ne a ƙasashen biyu. Fitar da ita daga Amurka safara ce a dokar tarayya. A Najeriya, dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga shigo da wiwi ko sayar da ita, da shekara 15 zuwa 25 ga riƙewa. Rasit na shago mai lasisi ko katin likitan Amurka ba su da wani amfani a gaban kotun Najeriya. Hukumar na yawan kama nau'in da ake kira "laud", wanda ake ɓoyewa a cikin motocin da aka yi oda da kwantenonin kaya daga Amurka da Kanada a tashoshin Legas, don haka masu haɗa kaya a kwantena ɗaya da wasu su tabbatar an rubuta kayan kowa da sunansa.

Dokar ta kuma tanadi ɗaurin shekara 5 ga ɗan Najeriyar da wata ƙasa ta samu da laifin ƙwaya, bisa ɓata sunan ƙasa. Wanda aka taso ƙeyarsa daga Amurka kan laifin sayarwa (tambaya ta 15) yana iya tarar da wannan tuhuma tana jiransa a filin jirgi.